Taba, Bayi da Majalisa: Yadda 'Yanci da Bauta Suka Tashi a Gida Ɗaya a Amurka

A watan Yulin 1640, babbar kotun yankin Bajiniya ta zauna kan shari'ar wasu barori uku da suka gudu daga gonar ubangidansu, aka kamo su a Maryland. Ɗaya mutumin Holan ne mai suna Victor, ɗaya ɗan Sukotland ne mai suna James Gregory, na ukun kuwa baƙar fata ne, John Punch. Tare suka gudu, tare aka kamo su, kowa kuma aka yanke masa bulala 30. Daga nan hukunci ya rabu. Turawan biyu aka ƙara wa kowannensu shekara huɗu a kan wa'adin aikinsa. John Punch kuwa aka ce zai bauta wa ubangidansa har ƙarshen ransa.

A lokacin babu wata rubutacciyar doka a Bajiniya da ta ce baƙin mutum bawa ne. Ba kuma Sarkin Ingila ne ya aiko da wannan umarni ba. Gwamna ne da mashawartansa, waɗanda akasarinsu manyan manoman taba ne na yankin, suka zauna suka yanke abin da ya yi musu daidai. Wannan shi ne bakin zaren da nake so mai karatu ya riƙe. Idan ana ba da tarihin kafuwar Amurka, an saba raba shi gida biyu: ga labarin majalisa da zaɓe da cin gashin kai, abin alfahari, ga kuma labarin bauta, wanda ake ajiyewa gefe kamar wani tsautsayi da ya afka wa mutanen kirki. A ganina wannan rabon ba gaskiya ba ne. Majalisun da ake yabo su ne suka rubuta dokokin bautar, da hannunsu, ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da ake nomawa a kowane yanki shi ya ƙayyade irin dokar da aka rubuta.

Turawan Ingila sun makara wajen shiga nahiyar Amurka. Kafin su iso, Sifaniyawa sun shafe kusan shekara ɗari suna kwasar azurfa da zinari daga Meziko da Peru. Masarautar Ingila ba ta da kuɗin yin irin wannan da kanta, sai ta bar wa 'yan kasuwa. Wani kamfanin hannun jari da ke Landan, Kamfanin Bajiniya, shi ya karɓi takardar izini daga Sarki James na Ɗaya, ya tura maza da samari kimanin 104 waɗanda suka kafa Jamestown a watan Mayun 1607. Riba suka zo nema, ba gida ba. Sun yi zaton za su tsinci zinari, sai suka tarar da fadama da ruwa mai gishiri da cuta. Da yawansu 'ya'yan manya ne da ba su taɓa riƙe fartanya ba, har sai da Kyaftin John Smith ya kafa musu dokar cewa wanda bai yi aiki ba ba zai ci ba. Masarar da suke ci ma daga hannun mutanen Sarki Powhatan take fitowa, 'yan asalin ƙasar, wani lokaci da ciniki, wani lokaci da bakin bindiga. Da dangantaka ta lalace a hunturun 1609 zuwa 1610, yunwa ta ci garin, mutum kusan 60 kaɗai suka kai bazara.

Abin da ya ceci Jamestown taba ce. A 1612 John Rolfe, wanda daga baya ya auri Pocahontas 'yar Powhatan, ya gwada wani irin taba mai daɗin sha da aka samo daga yankin Karibiyan. Kasuwar Landan ta karɓe ta hannu bibbiyu, duk da cewa shi kansa Sarki James ya taɓa rubuta ƙasida yana la'antar shan ta. Cikin 'yan shekaru har a titunan Jamestown ake shuka ta. Ta zama kuɗi: da ita ake biyan haraji, da ita ake biyan tara, da ita ake biyan limaman coci. Lokacin da kamfanin ya fara turo 'yan mata don mazan su samu na aure, ango kan biya kuɗin jirgin amaryarsa da laba 120 na ganyen taba.

Sai dai taba shuka ce mai cin mutum da cin ƙasa. Za a yafa iri, a dasa ɗaya bayan ɗaya a kan tudu, a riƙa bi ana karye kai da 'yan rassa don ganye ya yi faɗi, a tsince tsutsa da hannu, a yanka, a rataye a rumfa ya bushe, a danna shi cikin manyan gangunan katako. Aikin kusan shekara guda ne cur. Bayan girbi uku ko huɗu kuma gonar ta gaji, dole a sari sabon daji. Saboda haka manomin taba kullum abu biyu yake nema: ƙarin ƙasa da ƙarin hannu. Ƙasar ta 'yan asali ce, kuma ƙwace ta aka yi ta yi, abin da ya kai ga harin da Opechancanough, shugaban mutanen Powhatan a lokacin, ya jagoranta a 1622, wanda ya hallaka Turawa 347 a rana guda, ya kuma buɗe yaƙin ramuwar da ya karya ƙarfin mutanen Powhatan. Hannun kuwa, da farko daga Ingila aka samo shi.

A 1618 kamfanin ya fito da tsarin da ya ce duk wanda ya biya wa mutum kuɗin jirgi zuwa Bajiniya za a ba shi eka 50. A lura, ba wanda ya zo ake ba filin ba, wanda ya biya ake ba. Talakan Ingila da ba shi da ko sisi sai ya sa hannu a takarda cewa zai yi wa mai kuɗin aiki na shekara huɗu zuwa bakwai, ba albashi, sai ci da sutura. Mai kuɗi ya samu ma'aikaci, ya kuma samu fili a kansa. Waɗannan barorin wa'adi ana dukansu, ana sayar da sauran shekarunsu ga wani, da yawansu ma ba su kai ƙarshen wa'adin da rai ba. Amma wanda ya kai, ya zama ɗa.

Cikin wannan yanayi ne majalisar farko ta zauna. Ranar 30 ga Yulin 1619, wakilai 22 daga ƙauyukan yankin suka haɗu da Gwamna George Yeardley da mashawartansa a cikin cocin Jamestown. Kamfanin ne ya ba da izinin, domin ya gane cewa ba a tafiyar da mutanen da ke bayan teku daga wani ofishi a Landan, inda wasiƙa da amsarta kan ɗauki watanni. Yana da kyau a duba abin da suka tattauna a kwanaki shidan da suka yi cikin zafi. Sun tsayar da farashin taba, mai kyau sule uku a kan laba, mai bi mata sule da sisi. Sun yi doka kan caca da maye da zaman banza. Sun kuma tabbatar da cewa baran wa'adi ba zai zille wa yarjejeniyarsa ba. Wato tun zaman farko, majalisa ce ta masu gona, kuma maganar ma'aikata tana kan tabarma. Bayan wata guda, a ƙarshen Agusta, jirgin 'yan fashin teku mai suna White Lion ya tsaya a Point Comfort da 'yan Afirka ashirin da 'yan kai. An sato su ne daga wani jirgin Fotugal da ya taso daga Luwanda ta Angola zai je Meziko, aka musanya su da abinci.

Waɗannan na farko ba su tarar da ƙofa a rufe ruf ba. Akwai wani da ake kira Anthony Johnson, wanda aka kawo a 1621, ya samu 'yancinsa, ya yi aure, har a 1651 ya mallaki eka 250 da dabbobi da nasa barorin. Ya kai Bature ƙara kotu ya yi nasara, ko da yake shari'ar kanta ta riƙe wani baƙin mutum ce, John Casor, a bauta. Dalilin wannan 'yar sararawa ba tausayi ba ne, lissafi ne. Bawa na har abada ya fi baran wa'adi tsada sosai, kuma a ƙasar da sabon zuwa kan mutu cikin 'yan shekaru, babu hikima a biya kuɗin dukan rayuwar mutum. Ko a 1671, Gwamna William Berkeley ya ƙiyasta cewa cikin mutum 40,000 na Bajiniya, barori Turawa 6,000 ne, bayi baƙaƙe 2,000.

Amma majalisa ta riga ta fara toshe kafofin. A 1662 ta yi dokar da ta ce matsayin yaro na bin na uwarsa ne. Wannan ya saɓa wa dokar Ingila kanta, inda ɗa ke bin uba. Mai karatu Bahaushe zai fi kowa ganin girman abin, domin mu ma ƙasarmu ta san bauta da rinji da kasuwar bayi, ba abin ɓoyewa ba ne, amma ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangidanta ɗa ne, yana gado, yana ma iya hawa gadon sarauta. A Bajiniya kuwa, mutum zai yi wa baiwarsa ciki, abin da ta haifa ya zama dukiyarsa da zai iya kaiwa kasuwa. A 1667 aka ce shiga addinin Kirista ba ya 'yanta bawa. A 1669 aka ce idan bawa ya mutu a hannun ubangidansa wajen horo, ba za a ɗauke shi a matsayin kisan kai ba, da hujjar cewa ba wanda zai lalata dukiyarsa da gangan. Da Anthony Johnson ya rasu a 1670, aka yanke cewa filin da ya bari a Bajiniya ba zai tafi ga iyalinsa ba, wai shi baƙo ne saboda launinsa.

Abin da ya ƙarasa juya akalar shi ne tawayen 1676. Barorin da suka gama wa'adi sun yi yawa, filaye masu kyau na bakin kogi duk manya sun mamaye, farashin taba ya faɗi, haraji ya yi nauyi, a 1670 kuma an ƙwace ƙuri'a daga hannun marasa gida da gona. Wani matashi ɗan manya, Nathaniel Bacon, ya tara waɗannan fusatattu. Kada a ɗauka gwarzon talakawa ne: babbar buƙatarsa ita ce a ba shi izinin kashe 'yan asalin ƙasar ba tare da bambance abokin gaba da na zaman lafiya ba, a ƙwace ƙasarsu. Amma rundunarsa ta haɗa talakawan Turawa da barori da bayi baƙaƙe, kafaɗa da kafaɗa, kuma a watan Satumba suka ƙone Jamestown ƙurmus. Bacon ya mutu da ciwon atini bayan wata guda, tawayen ya watse, Berkeley ya rataye mutum sama da ashirin. Manyan manoma kuwa sun ga abin da ba za su manta ba. Bara Bature yakan gama wa'adi, ya nemi fili, ya sayi bindiga. Bawa ba ya gamawa. A daidai lokacin kuma talakan Ingila ya rage zuwa, mutuwa ta ragu a Bajiniya, jiragen bayi suka ƙaru. Kamfanin Sarauta na Afirka, wanda aka kafa a 1672 ƙarƙashin ƙanin sarki, shi ke riƙe da cinikin, har aka buɗe shi ga kowa a 1698. Saboda haka Landan ma hannunta dumu-dumu yake. A 1705 majalisar Bajiniya ta tattara dokokin bauta wuri guda, ta hana baƙi riƙe makami ko ɗaga wa Bature hannu, ta kuma tanadi cewa baran Bature namiji da ya gama wa'adi a sallame shi da masara da kuɗi da bindiga. An ba talakan Bature abin da zai sa ya ga kansa a layin mai gandu, ba a layin wanda suke noma tare ba.

A arewa labarin ya faro daban. Mutum 102 da suka zo a jirgin Mayflower a 1620, da dubban masu tsattsauran ra'ayin gyara cocin Ingila da suka bi John Winthrop zuwa Massachusetts daga 1630, da iyalansu suka zo, kuma addini ne ya fi korar su. Tun kafin su sauka daga Mayflower maza 41 suka sa hannu a yarjejeniyar bin dokokin da za su yi wa kansu. Ƙasarsu duwatsu ce, sanyi kuma mai tsawo, taba da rake ba sa yi. Sai aka samu ƙananan gonaki na iyali, garuruwa a dunƙule kewaye da coci, da taron gari inda magidanta ke yanke maganar hanya da makiyaya da haraji. Sun kafa kwalejin Harvard a 1636, a 1647 kuma suka wajabta wa duk garin da ya kai gida 50 ya ɗauki malamin koyar da karatu. Wannan abin yabo ne na gaske. Amma ƙuri'ar zaɓen gwamna ta 'yan coci ce kaɗai, kuma wanda ya saɓa musu, irin su Roger Williams da Anne Hutchinson, korarsa ake yi.

Ana yawan wanke arewa daga maganar bauta, kuma bai kamata ba. Bayan yaƙin da suka yi da ƙabilar Pequot, sun loda fursunoni a jirgi zuwa Karibiyan, jirgin mai suna Desire ya dawo a 1638 da bayi 'yan Afirka. Kundin 'yancin ɗan ƙasa da Massachusetts ta rubuta a 1641 shi ne ya fara halatta bauta a rubuce a yankunan Ingila na wannan gaɓar, shekaru kafin Bajiniya. Bayi ba su yi yawa a gonakinsu ba, amma arzikinsu na rataye da gandayen rake na tsibiran Karibiyan. Can ba a ɓata fili wajen noman abinci, don haka 'yan arewa ke kai musu katako da dawakai da kifin gishiri, mafi lalacewar kifin kuma shi ne abincin bayi. Su dawo da baƙin ruwan raken da ke saura bayan an tace sukari, su dafa barasa da shi, barasar kuma a kai gaɓar Afirka a sayi mutane. Garin Newport na Rhode Island da wannan ya yi kuɗi.

Yankunan tsakiya, New York da aka ƙwace daga Holan a 1664 da Pennsylvania da William Penn ya samu a 1681, alkama suka riƙe, suna fitar da gari ta tashoshin ruwansu. A nan ne, a Germantown, wasu Kiristoci huɗu mabiya ɗariƙar Kwaika suka rubuta takardar ƙin bauta a 1688, aka karanta aka ajiye. Birnin New York kuwa cike yake da bayi, har suka yi bore a 1712.

Mafi tsananin duka ita ce Karolina ta Kudu, domin ita ba koyon bauta ta yi a hankali ba, da shirinta ta zo. Da yawa daga waɗanda suka kafa Charles Town a 1670 daga tsibirin Barbados suka taso, inda rake ya riga ya mayar da baƙi mafi rinjaye, aka kuma yi dokar bayi mai tsauri tun 1661. Tsarin mulkin da aka rubuta wa Karolina a 1669, wanda John Locke, masanin da ake jingina wa falsafar 'yancin ɗan Adam, ya sa hannu wajen tsara shi, ya ba kowane ɗa cikakken iko a kan bayinsa baƙaƙe. Da shinkafa ta kankama a wajen 1690, aka shiga neman mutanen Afirka ta Yamma, musamman na yankin Senegal da Gambiya zuwa Saliyo, waɗanda suka gaji noman fadama da sussuka da sheƙe da sanin sarrafa ruwa. Zuwa 1708 baƙi sun fi Turawa yawa a yankin. A watan Satumban 1739 wasu bayi kusan ashirin suka fasa shagon makamai a bakin kogin Stono, suka nufi Fulorida ta Sifaniyawa suna kaɗa ganga, inda aka yi alƙawarin 'yanta duk wanda ya iso. An murƙushe su a ranar, shekara mai zuwa kuma majalisar ta hana koya wa bawa rubutu, ta hana su taro da mallakar ganga.

Cikin waɗanda wannan guguwa ta kwasa akwai wani Bafulatani mahaddacin Alƙur'ani daga Bundu, a ƙasar Senegal ta yau, Ayuba Sulaiman Jallo. Ya je bakin kogin Gambiya ne, shi kansa don ya sayar da bayi biyu na mahaifinsa, a hanyar komawa aka kama shi, aka aske masa kai da gemu, aka sayar. Ya tsinci kansa a gonar taba a tsibirin Kent na Maryland. Yakan shiga daji ya yi salla, wani yaro ya riƙa watsa masa ƙasa a fuska, har ya gudu aka kulle shi. Wasiƙar da ya rubuta wa mahaifinsa da Larabci ita ta faɗa hannun James Oglethorpe a Landan, aka fanshe shi, ya koma gida a 1734. Irinsa ɗaya ne cikin dubbai. 'Yan Afirka kusan 388,000 aka sauke kai tsaye a Amurka ta Arewa, kuma kusan dukansu can suka mutu, dokar 1662 da ire-irenta suka riƙe jikokinsu.

Shi wannan Oglethorpe shi ya kafa Jojiya a 1733, kuma labarinta ya fi kowanne fito da abin fili. Amintattun da ke kula da yankin daga Landan sun haramta bauta a 1735. Mazauna yankin suka yi ta rubuta koke, suna cewa an tauye musu haƙƙinsu na 'yan Ingila, an hana su majalisa, an hana su abin da maƙwabtansu na Karolina ke arziki da shi. A bakinsu neman cin gashin kai da neman izinin sayen bayi buƙata ɗaya ce. A 1751 aka ɗage haramcin, a shekarar kuma taron wakilansu na farko ya zauna.

Ƙarfin waɗannan majalisu ba ƙarami ba ne, kuma daga aljihu ya fito. Sarki ke naɗa gwamna a yawancin yankunan, amma majalisa ke sa haraji, a wurare da dama ma ita ke yanke albashin gwamnan shekara-shekara, wanda ya yi taurin kai a riƙe masa. Landan ta yi dokokin sufurin ruwa tun 1651, daga 1660 ta wajabta taba da sukari su bi ta Ingila, ta kuma gwada narkar da yankunan arewa ƙarƙashin gwamna guda ba majalisa a 1686, mutanen Boston suka kama gwamnan, Edmund Andros, suka kulle a 1689. Daga nan aka daɗe ana barin su su yi harkarsu. Don haka da majalisar Landan ta ɗora musu harajin hatimi a kan takardu a 1765, ta taɓa mutanen da suka yi shekara kusan 150 suna yanke wa kansu haraji. Suka ce ana so a mayar da su bayi, kuma sun san abin da suke faɗa, domin ta tagar ɗakinsu suna hangen ma'anarsa. Bayin ma suna sauraro. Da gwamnan sarki a Bajiniya, Lord Dunmore, ya yi shela a watan Nuwamban 1775 cewa duk bawan mai yi wa sarki tawaye da ya gudo ya ɗauki makami za a 'yanta shi, ɗaruruwa suka tsere zuwa gare shi, manoman da ke jan ƙafa kuma da yawa suka koma ɓangaren ɓallewa daga Ingila.

Thomas Jefferson, wanda ya rubuta a takardar shelar 'yancin kan Amurka ta 1776 cewa an halicci dukan mutane daidai, ya mallaki mutum sama da 600 a tsawon rayuwarsa. A tsarin mulkin 1787 aka amince a ƙidaya kowane bayi biyar a matsayin mutum uku wajen raba kujerun majalisar tarayya, wato bawan da ba shi da ƙuri'a yana ƙara wa ubangidansa nauyin ƙuri'a. Ƙidayar farko ta 1790 ta samu mutum kusan miliyan 3.9, cikinsu bayi kusan 700,000, kuma sama da 290,000 a Bajiniya kaɗai suke. Daga cikin shugabannin Amurka biyar na farko, huɗu 'yan Bajiniya ne, Washington da Jefferson da Madison da Monroe, kuma dukansu huɗun masu gandun bayi ne.